Ɗigon Salansa a Hanyar Magarya

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta ƙofar masallaci, a ofishin malamai, har wurin mai shayi, kowa sai ya ce, "Malam Habibu, yaya ƙetare? Ina tsarabarmu?" Nakan ce lafiya lau, in yi maza in kawo zancen taki. Malam Audu ya fi kowa naci, har cewa ya yi wai aure na ƙaro a can na ɓoye. To, ga labarin na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Mai jiran abin dariya zai samu, amma kaɗan, domin tafiya ce da har yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Inna na ɗauka, mahaifiyata, zan kai ta ta ga yayanta, Kawu Ilu. Su biyu suka rage a ɗakinsu. A can aka haife su, a wani ƙauye cikin yashi gabas da Magarya. Ita aure ya kawo ta ƙasar Ɗambatta, shi ya zauna gida, rabonsu da juna kuwa ya haura shekara talatin. Kawu ƙafafu sun daina ɗaukarsa, Inna kuma ƙugu ya matsa mata, sai da sanda. Ƙauyen nasu ƙaramar mota ba ta shiga, don haka muka shirya da ɗansa Harisu ta waya, shi ma sai ya hau wani tudu yake samun sabis. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Rijiyar Kalgo, zai ɗoro tsohon a amalanken shanu ya kawo shi tasha, mu kuma mu iso da mota. Harisu ya ja mini kunne cewa wannan Alhamis ɗin ce kaɗai, domin hadari ya fara haɗuwa. Da zarar ruwa ya sauka shanu za su koma huɗa, fadamar da ke tsakani kuma ta cika. Tun da aka sa ranar Inna take kwance ƙullin kayanta tana sake ɗaurewa.

Motata kun san ta. Tsohuwa ce, amma tana kai mutum inda za shi. Aibinta ɗaya, salansa ta ruɓe, duk huji, in na tayar da ita kajin unguwa sai su watse. Na ce a raina ba zan shiga ƙasar kawunnaina da ƙara irin ta injin niƙa ba. Maimakon in kai wa Sabo, bakaniken garinmu, wanda muka yi firamare tare kuma shekara takwas shi ke taɓa motar, sai na nufi Kano ranar Talata. Wajen Bacirawa cunkoso ya riƙe mu, allurar zafin inji ta haura har ja, tururi ya turnuƙo ta bonet. Na gangara gefe, na jira ta huce, na ɗura mata ruwan leda, na wuce na manta da zancen. A kasuwar kayan mota na zaɓi salansa ba irin ta asalin motar ba, wata mai ƙyalli mai baki biyu, aka yi mata walda a nan take. Na dawo gida mota na tafiya shiru, ina jin kaina kamar shugaban ƙaramar hukuma.

Laraba da safe na tayar da ita a ƙofar gida, ina loda kaya, sai na ga ruwa na ɗiga daga sabuwar salansar. Ba ɗigo ɗaya ba biyu ba, har ya jiƙa ƙasa faɗin faifai. Mutanen majalisa suka zagaye ta. Alhaji Garba, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa, ya ce, "Kai, Malam, ka yi dace! Motar da salansarta ke zubar da ruwa ai injinta garau yake. Masu sayen mota ma shi suke fara dubawa." Kowa ya ce haka ne, shi ma ya taɓa ji. Ni ma na taɓa ji, kuma ya yi mini daɗi.

Sabo ya zo wucewa zai buɗe gareji. Ya tsugunna, ya tara tafin hannu, ya shinshina.

"Malam," ya ce, "ruwa iri biyu ke fita ta nan. Akwai raɓar da ke taruwa cikin bututu in mota ta kwana. Wannan da inji ya ɗauki zafi take ƙafewa, ba komai ba ce. Akwai kuma ruwan lagireto, mai sanyaya mota, da ya ɓace hanya ya shiga cikin inji. Wannan ya yi yawa, ga shi bazara ce, ba sanyi ake ba. Ba ni rabin awa in ga wanne ne."

Da na ba shi rabin awar nan, da ba wannan labarin kuke karantawa ba. Amma abin da na ji a maganarsa shi ne haushi, don na kai aiki birni na bar shi. A gaban mutane na ce, "Sabo, don dai ba a wajenka aka sa ba ne?" Ya miƙe, ya goge hannu a wando, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya wuce.

Muka ɗauki hanyar Babura, Inna a baya, ni a gaba. Ni ne ɗan farinta, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye sai dole. Mu biyu ne rak a motar, amma sai ka ji ta ce, "A dai gaya wa mai tuƙin nan ba haihuwa za mu karɓa ba." Sai in rage gudu. Hanyarmu kun san yadda take a wannan lokacin: gari na ƙarewa wani na farawa, ba daji ko kaɗan, kowace gona an jibge mata tulin taki, jakuna na ta kai da kawowa. Inna ta riƙa duba gonakin mutane tana yanke musu hukunci, wannan mai himma ne, wancan kuwa matarsa ta shiga uku bana.

A Babura muka tsaya ta sha fura. Na leƙa bayan mota, inji ya yi zafi tuntuni, amma ruwa na nan na ɗiga. Can gefen tasha na ga wani mai walda, na kira shi. Ya duba da ido ɗaya, ya ce, "Alhaji, waɗannan na zamani ba sa zuwa da hujin fitar ruwa, shi ya sa yake taruwa." Ya ɗauko ƙusa da guduma ya huda mini sabuwar salansa ta ƙasa, ruwa ya tsiyayo, ya ce shi ke nan an gama. Na ji daɗin amsar, domin ita nake nema, ga kuma Alhajin da ya ba ni kyauta. Da inji ya huce na buɗe lagireto, ya shanye buta guda cur. Na ce a raina zafin rana ne.

Mun isa iyaka ta Babban Mutum da azahar. Ta ɓangarenmu ba a daɗe ba. Ta nasu kuwa igiya ce aka gitta a hanya, an ɗaura mata tsummokara, siririya har na kusa tafiya da ita. Muka tarar ofis a rufe, wai an tafi hutun rana. Wannan shi ne abu na farko da ya ba ni mamaki a ƙasar. Mu a nan ma'aikaci in zai gudu daga aiki sai ya bar hularsa a kan tebur. Su kuwa da izinin hukuma suke rufe ƙofa, kowa ya je ya ci ya kwanta, kuma in lokacin dawowa ya yi sai ka gan su ba latti. Na tsaya ina ta duba agogo ina tsaki, ba wanda ya kula ni sai wata akuya.

Da jami'in ya dawo ya karɓi takardun mota da katin rigakafi, ya duba su shafi-shafi kamar mai tilawa. Ya leƙa ta taga ya ce, "Iya, takardarki fa?"

"Yaro," in ji Inna, "a cikin ƙasar nan aka binne cibiyata, tun ba a saƙa igiyar nan taku ba."

Ya yi dariya har da riƙe ƙofar mota. Sai da ya gama ta kwance bakin zane ta miƙa masa katin shaidarta, daman yana nan. Da na tayar da mota za mu wuce, ya dubi baya ya ce, "Malam, shayi kake dafawa a can? Farin hayaƙi nake gani." Na ce sabuwar salansa ce, fentinta ke ƙonewa. Ban san inda na samo wannan bayanin ba, amma da ƙarfin gwiwa na faɗe shi.

Daga nan ƙasa ta buɗe. Gonaki manya-manya, ƙauyuka nesa da juna, ba irin namu da maƙwabci ke jin tarin maƙwabci ba. Inna ta manna fuska a gilashi. Can na ji tana ambaton sunayen mutane a hankali, waɗanda ban taɓa ji ba.

A Magarya muka sauka gidan Alhaji Lawali, mai fataucin wake, wanda yakan kwana a zaurenmu in ya zo kasuwar Ɗambatta. Mata suka shige da Inna ciki, ni aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida, kusa da mota. Aka kawo dambu da zogale, da wani burodi dogo mai ɓawo, wanda na gatsa da ƙarfin hali ya yanke mini dadashi. Sai shayi. Na zaci babban kofi za a ba ni da madara irin na gida, sai aka miƙo wani ɗan mitsitsin gilashi, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Na runtse ido na kurɓe na yi godiya zan miƙe, Alhaji ya riƙo rigata ya ce, "Ina za ka? Ai saura biyu." Ashe sau uku ake sha, kowane zagaye ya fi na baya zaƙi, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne.

Alhaji Lawali ne ya lura da jiƙar da ke ƙarƙashin salansa. Bai tambaye ni ba, ya aika aka kira masa Malam Sani, wani dattijon bakanike mai tabarau ɗaure da zare. Tun da nake ban taɓa ganin mai bin aiki daki-daki irinsa ba. Ya sa na tayar da mota, ya tara farin faranti a bakin salansa. Ya duba ruwan a hasken rana, fari tas. Ya murza a yatsa, ba maiƙo, ya ce to ba baƙin mai ba ne. Ya shinshina, ba warin fetur. Sai ya lasa. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Me kake zuba wa lagireto?"

"Ruwa," na ce.

"Wane ruwa?"

"Na rijiya. Wani lokaci na leda."

Ya girgiza kai ya dubi Alhaji. "Ka ji mutanen Kano. Ni motar da ke hannuna ruwan kwalba nake zuba mata, mai launin nan. In ya ɓace hanya ya fito ta baya, launi zai nuna, harshe ma zai ji zaƙi-zaƙi. Su kuwa ruwan alwala suke ɗurawa, ka lasa ka ji ba komai, sai ka ce raɓa ce."

Ya sa na kashe. Ya jira, ya buɗe murfin lagireto da tsumma, ya cika shi taf, ya ce in sake tayarwa in zo in gani. Na leƙa. Kumfa ce ke tasowa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana hura ruwa da tsinke. Ya ce wannan iskar cikin inji ce ke shigowa inda ba gidanta ba. Bai tsaya nan ba, ya kwance fulogai huɗun ya jera su a kan farantin. Uku baƙi da toka, yadda aka saba gani. Na huɗu kuwa fes, kamar yau aka ɓare shi daga kwali.

"Ka ga wannan? Tururi ne ya wanke shi. Motar nan ta taɓa tafasa kwanan nan?"

Sai a lokacin Bacirawa ta faɗo mini. Na faɗa masa.

"To a nan gasket ya ƙone, wanda ke raba ruwa da wuta a kan inji. Salansarka ba ta da laifi. Tsohuwar duk huji ce, da tana nan da tururin ya bi hujin ya tafi ba ka gani ba. Sabuwar ce ta kawo maka shi har baki don ka gani. Wanda ya huda ta ma ɓarna ya yi." Ya mayar da fulogan. "Aikin kwana biyu ne. Kada ka taka ta ko nan da can. Gobe ka sa tsohuwa a motar kasuwa."

Alhaji Lawali ya ce wannan mai sauƙi ne. Maƙwabcinsa Habu direba duk Alhamis yake zuwa Rijiyar Kalgo, zai sa ya bar wa Inna gidan gaba. Na yi godiya. Da aka tambaya daga cikin gida ko lafiya, na aika cewa ƙaramin abu ne, an duba.

Gari na wayewa Habu ya tsaya a ƙofar gida. Akori-kura ce, an loda buhuna har sama, awaki a ɗaure a gefe, mutane a kan kaya ƙafafu na reto. Gidan gaba kuwa a share, har ya sa matashin kai. Inna ta fito da sandarta, ta ci ado da atamfar da take ajiya tun bikin autarmu. Na dubi motar awakin nan, na dubi tawa tana ƙyalli a gefe. Makonni ina hango yadda za a yi: in tsaya a tsakiyar tasha, in zagayo in buɗe wa Inna ƙofa, Kawu ya ga cewa ƙanwarsa ba ta wulaƙanta a ƙasar Kano ba, ta haifi ɗa mai mota. Yanzu kuma in sauke ta daga cikin awaki, ni in diro daga kan buhun gero? Na tambayi Habu nisan wurin, ya ce tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Na yi lissafi irin na wanda ya riga ya yanke shawara. Motar da ta zo tun daga Ɗambatta, wannan ɗan guntun ne zai gagare ta? Na ari jarkoki huɗu na cika da ruwa.

Alhaji ya ce, "Malam, ka ji fa abin da mai gyara ya ce."

Na ce in sha Allahu ba komai, zan riƙa tsayawa ina ƙara ruwa.

Inna ta dubi gefe ta ce, "Ni dai ko a jaki ne, in dai za a isa." Na ɗauki maganar a matsayin yarda. Ta tsaya jim kaɗan tana kallon gidan gaban nan, sannan ta juya ta shiga bayan motata. Habu ya ɗaga kafaɗa, ya ba wani mai tumaki wurin, ya ja mota.

Rabin awa na farko lafiya lau, har na fara shirya abin da zan faɗa wa Sabo. Daga nan allura ta fara hawa. Na tsaya, na jira, na ƙara ruwa. Na sake tafiya, na sake tsayawa. Motocin kasuwa suka riƙa wuce mu ɗaya-ɗaya, ana ɗago mana hannu, ina ɗaga musu cewa ba komai. A tsayawa ta huɗu inji ya soma tari, mota na karkarwa, farin hayaƙi ya rufe gilashin baya. Muna hawa wani ɗan tudu ta yi gum ta mutu. Na murza makulli, ko motsi. Na zaro sandar gwada baƙin mai, na ga ya koma kalar shayi da madara. Ko ni da ban san komai ba na san ta ƙare.

Hantsi ne lokacin, muna tsakiyar hanya, ba gaba ba baya, waya ba sabis. Motocin kasuwa duk sun riga sun wuce, ba kuma mai dawowa sai kasuwa ta tashi. Na kama Inna na kai ta gindin wani gawo na shimfiɗa mata darduma. Masu babur na wucewa jefi-jefi, amma ƙugunta ba zai ɗauki babur ba ko na minti biyar. Wajen azahar na tsayar da wani zai shiga kasuwar, na kwatanta masa Harisu da tsoho a amalanke. A nan na yi kuskuren da ya fi ci mini rai. Maimakon in ce mota ta mutu, a nemo mana wata ko ta halin ƙaƙa, kunya ta sa na ce, "Ka ce musu muna nan tafe, ɗan gyara ne." Har a lokacin ina buɗe bonet ina rufewa, wai ko in ta huce za ta tashi.

Wata Bafulatana ta zo wucewa da ƙwarya, ta ga halin da muke ciki, ta tsaya ta dama wa Inna fura, ta ƙi karɓar komai. Inna ta kurɓa sau biyu ta ajiye. Rana ta yi ta juyawa, ina jan dardumar ina bin inuwa. Inna ta jingina da gawon. Carbi take ja, idonta a kan hanyar gabas, atamfar nan duk ta jiƙe da gumi.

Bayan la'asar sosai motoci suka fara dawowa. Habu ya tsaya. Ya sauko bai ko dubi motata ba, ya je ya durƙusa gaban Inna ya gaishe ta. Ita ta tambaye shi ko ya ga wani tsoho.

"Na gan shi, Iya. Tun da sassafe suka iso. An kwance shanun, yana zaune a kan amalanken gindin tsamiyar tasha, da farar riga sabuwa. Duk motar da ta shigo daga Magarya sai ya ce ɗansa ya ɗaga shi ya gani. Ni ma ya tambaye ni, na ce kuna bayana. Da rana ta take ɗan ya ce su shiga gidan wani su huta, sai ga mai babur ya ce kuna nan tafe, shi kuwa ya ce ba inda za shi, kada ki zo ki duba ba ki gan shi ba. Sai da hadari ya taso daga gabas ɗan ya ɗaura shanu, don suna da fadama a gaba. Da za su tafi ma juyowa yake yi."

Inna ta ce, "Allah bai yi ba." Ta yunƙura za ta tashi, jiri ya kwashe ta, muka tare. Aka sauke mai tumakin daga gidan gaba aka sa ta. Ni kuma aka ɗaura motata da igiya a bayan akori-kurar, ina riƙe da sitiyari, awakin da ba a sayar ba suna kallona har Magarya. Ba mu kai gari ba ruwa ya sauka, na farkon shekara, kamar da bakin ƙwarya.

Kwana biyu Inna ta yi a asibiti ana mata ƙarin ruwa. Matan Alhaji Lawali suka yi jinyarta kamar uwarsu, Allah ya saka musu. Malam Sani ya sauke kan inji ya yi aikinsa, kwana huɗu maimakon biyu, bai ce mini ai na faɗa maka ba, ni kuwa da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Ranar Asabar Harisu ya kira daga kan tudunsa. Sun isa gida a jiƙe, Kawu na kwance da zazzaɓi, fadama ta cika, shanu sun shiga gona. Ya ce tsohon ya ce ba ya jin jikinsa zai ƙara ɗaukar amalanke. Na ce to a haɗa su ko ta waya ne su gaisa. Harisu ya ce ai sai an hau tudun, shi kuwa Baba ba ya iya hawa. Da na isar wa Inna, ta ce, "A mai da ni ɗakina."

Dawowa ba abin faɗa. Jami'in igiyar nan ya gane mu, ya leƙo da fara'a ya ce, "Iya, an ga gida?" Ta ce an gani. Gonakin da muka bari da tulin taki duk an shuke su.

Washegari na je garejin Sabo na ba shi haƙuri a gaban waɗanda ke wurin, tunda a gaban mutane na yi masa. Ya ce ba komai, ya zo ya toshe hujin ƙusar nan da walda. Yanzu da safe takan yi ɗigo uku ko huɗu ta daina, lagireto kuma ba ya rage ko cokali. Sabo ya ce wannan ita ce raɓar.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne yadda Inna ke ba da labari. Mata na zuwa yi mata sannu da hanya, ina jiyo ta tana cewa, "Mai motar ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙarfe ne ba shi da tabbas." Ta kuma ce ita da doguwar hanya sai dai a lahira, ƙashinta ya gama. Ga su nan su biyu da ransu, tafiyar yini ɗaya tsakaninsu, kuma ni na san abin da ya raba su.

Mako biyu ina juya abin, ran nan na shiga na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri. Na durƙusa na faɗa mata duka: abin da Sabo ya ce, abin da Malam Sani ya nuna mini, da saƙon da na ba mai babur. Ban rage komai ba. Hannunta bai tsaya ba har na gama.

"Na mai babur ne ban sani ba," ta ce, tana kallon ƙwaryar. "Na mai gyaran kuwa an ji. Dangar gidan Alhaji Lawali ai ta zana ce."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Inna, kin ji, kuma kika shiga motar? Me ya hana ki magana?"

"A garin mutane? Gaban matan mutane, in nuna ɗana bai san abin da yake yi ba?" Ta fasa wata gyaɗar, ta hure ɓawon. "Na dai yi ta roƙon Allah ta kai mu."

Ta turo mini ƙwaryar ba tare da ta ɗago ba, ta ce a kai wa masu shuka tun ƙasa ba ta bushe ba.